An Koma Makaranta, Saura Yammacin Alhamis

Ga Satumba ta kama, an buɗe makarantun sakandare. Duk wanda ya fita da sassafe a makon nan ya ga alama: yara cikin sababbin riguna waɗanda tela ya yi wa rara don gaba, ga uba riƙe da takardar shiga, ga 'yan aji ɗaya suna rarraba ido a bakin ƙofa kamar baƙin kasuwa. Muna yi wa malamai barka da dawowa, Allah ya sa a fara a sa'a. Amma akwai wata magana da mu ke so mu yi da su tun tawadar jadawalin bana ba ta bushe ba, gama abin da ba a rubuta a makon farko ba, da wuya ya sami wuri a mako na goma.

Maganar kuwa ita ce ta abin da yaro ke yi bayan an kaɗa ƙararrawar tashi.

Dattawan da su ka yi makarantar kwana sun sani, rabin tarbiyyarsu ba cikin aji su ka same ta ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce yau a ke kira Barewa. Ko da ya ke an san ta da tsananin koyar da Turanci, ba a san ta da barin yaro ya zauna banza da la'asar ba. A can Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuwa rabu da shi ba har ya zama Firimiya. Malam Aminu Kano tun yana Kwalejin Kaduna a ka san shi da shirya wasan kwaikwayo, kuma duk wanda ya ji labarin yadda ya ke riƙe taron jama'a da magana daga baya, ya san inda a ka fara wasa wuƙar. An raba yara gida-gida, kowane gida da shugabansa cikin ɗalibai da malamin da ke lura da shi. Ga gona, ga 'yan sikawut, ga muhawara, ga karatun dare. Yaron Sakkwato ya kwana ɗaki ɗaya da na Borno da na Ilori, su yi faɗa su shirya, har su tsufa suna zumunci.

Kada a ce muna yabon jiya don jiya ce. Makarantun nan 'yan kaɗan ne, En'e da Gwamnati na ciyar da yara ƙalilan, mafi yawansu maza, sauran dubbai suna gida ba su san ko bihim ba. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da na UBE da a ka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, sun buɗe ƙofa ga ɗan talaka da 'yarsa, wannan kuwa alheri ne wanda ba mai hankalin da zai so a mai da shi baya. Sai dai da yara su ka yi yawa, a ka koma ga makarantun jeka-ka-dawo, a ka ɗauko aji da allo da alli, a ka baro yammacin a can.

Sa'an nan ga masifar da ta auko. An kwashe 'yan mata 276 a Chibok cikin Afrilu 2014, da 110 a Dapchi a 2018. Cikin Disamba 2020 a ka tafi da yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, bayan wata biyu da 'yan kwanaki a ka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe, har wa yau a Nuwamba 2025 abin ya sake faruwa a Maga da Papiri. Saboda haka jihohi da dama su ka rufe waɗansu makarantun kwana, waɗansu a ka mai da su na jeka-ka-dawo. Ba mu ga laifin uban da ya ce ɗansa ba zai kwana a bayan gari ba. Mu ma 'ya'ya gare mu. Amma ma'anar wannan ita ce, yaran da za su ɗanɗani irin zaman da mu ka ambata sai raguwa su ke yi, in kuwa makarantar rana ba ta ɗauki wannan kaya ba, babu mai ɗauka.

To, yaya makarantar rana ta ke a wurare da yawa? A shiga da safe, a kwafi abin da ke allo, a tashi da azahar, kafin rabin sa'a fili ya zama na awaki. Yaro ya shekara shida bai taɓa tsayawa gaban mutum arba'in ya faɗi ra'ayinsa ba, bai taɓa riƙe kuɗin ƙungiya ya ba da lissafi ba, ba a taɓa kayar da shi a fili ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu ba. Ranar da ya zo neman aiki, ku akawuna kun fi kowa sanin yadda a ke yi: takarda ta yi kyau, a tambaye shi sunan garinsu, murya ta maƙale. Kullum kuka a ke yi a kan sakamakon WAEC da NECO, ana neman a ƙara darasi bisa darasi. Mu dai a ganinmu yaron da ya yi shekara uku yana muhawara da Turanci da Hausa ya riga ya yi rabin shirin jarrabawar harshe, bai ma san ya yi ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce yara suna da Islamiyya da yamma, gaskiya ne, ba kuwa mu so a taɓa ta. Amma ai tun kaka da kakanni makarantar allo ba ta zama ran Alhamis da Juma'a, Islamiyyu da yawa kuma wannan al'ada su ke bi. Ashe ke nan yammacin Alhamis a sake ya ke. Shi mu ke roƙo. Sa'a ɗaya da rabi, sau ɗaya a mako, a sallami yara rana na sama, kowa ya isa gida kafin magariba. Inda a ke karatu kashi biyu, na safe da na rana, sai a duba safiyar Asabar. A ƙauye kuma, inda yanzu a ke yankan gero, hannun yaro na da amfani a gona, babu laifi a jinkirta har a kai amfani gida, in dai an rubuta ranar farawa an kafa ta a bango.

Za a ce babu kuɗi. Muhawara ba ta cin ko kwabo. Kacici-kacici haka, wasan kwaikwayo haka, tsere da langa haka. Jaridar bango, takarda huɗu ce da ƙusa. Gonar makaranta ta wuce bana, tun da damina ta yi nisa, amma inda akwai rijiya ko fadama kusa, lokacin lambu na tafe: a yi renon albasa da tumatir da latas da zarar ruwa ya ɗauke, a ci kafin zafin bazara, abin da a ka sayar a sayi ƙwallo. Malamin aikin gona da ya shekara yana zana garma a allo, ga dama ta samu.

Abin da ba mu da amsarsa mai sauƙi shi ne gajiyar malami. Mutumin da ya tsaya tun safe gaban aji mai cike maƙil, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana da ɗan abin da ya ke yi da yamma don cefane, ba daidai ba ne a ɗora masa ƙari a ce ya yi don Allah kurum. Ya kamata shugaban makaranta ya rage wa mai riƙe da ƙungiya darasi ɗaya ko biyu a mako, a kuma rubuta wannan aiki cikin rahotonsa na shekara, ya zama abin dubawa ran ƙarin girma. Ƙungiyar iyaye da malamai, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai rufi ya yaye, tana iya ɗaukar ɗan abin da yara za su sa a baki ran nan, gama ba a muhawara da yunwa. Ku kuma da ke ofisoshin ilmi, in takardar neman ƙwallo biyu da iri ta zo teburinku cikin Oktoba, kada ta kwana a fayil har Maris.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Sananne ne yadda waɗansu manyan ɗalibai ke gallaza wa sababbi a makonnin farko, aike da duka da ƙwace ɗan kuɗin tara. Bulala ba ta kashe wannan hali ba. Amma a ba ɗan aji shida yara goma na gidansa, a ce shi zai koya musu gudu da maci, a kuma gaya masa za a auna shi da abin da su ka yi ran wasannin gidaje cikin hunturu, sai ka ga mai cin zali ya koma makiyayi. Su ma 'yan mata kada a bar su da shara da tafi a gefen fili, a ba su ƙungiyoyinsu da malama tasu, su riƙe shugabanci da ma'aji da kansu.

Muna roƙon kowane shugaban makaranta ya tara malamansa kafin watan nan ya ƙare, a rubuta sunan kowace ƙungiya da malamin da zai riƙe ta, a tabbata kowane ɗan aji ɗaya ya shiga guda. Wanda ya yi haka ya rubuto mana a ƙarshen zangon farko, ya gaya mana yara nawa su ka zo, da abin da ya yiwu da abin da ya gagara. Za mu buga wasiƙun a wannan shafi, har da na waɗanda su ka gwada abin ya ƙi.