Ra'ayinmu: Takardar shirin wasan kwaikwayo ma shaida ce, a adana ta

A manyan biranen duniya akwai wata al'ada da masu zuwa kallon wasan kwaikwayo suka riƙe da muhimmanci. Duk wanda ya yanki tikiti ya shiga zauren wasa, musamman irin wasan da ake haɗa labari da waƙa da kiɗa da rawa, akan miƙa masa wata 'yar takarda a bakin ƙofa. A cikinta ake rubuta sunan wasan, da wanda ya tsara shi, da 'yan wasa da makaɗa, da rana da wurin da aka yi. A birnin New York na Amurka, kamfanin Playbill yana buga irin wannan takarda tun shekarar 1884, kuma akwai gidajen da kaka ya tara su ya bar wa jika.

Mai karatu da ke zaune a shagonsa a kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, ko yake jiran a sallami motar kayansa a Garuwa-Bulai, zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwa da wannan. Wannan jarida tana ganin ruwansa ne ƙwarai da gaske.

Da farko, irin wannan wasa ya daɗe da zama a nahiyarmu. A watan Fabrairun 2007 an nuna wasan Bintou Were a Bamako, wanda mawaƙa da makaɗan ƙasashen Sahel suka haɗu suka shirya, kafin a kai shi birnin Faris. Wasan da aka yi kan rayuwar mawaƙi Fela Kuti ya hau dandamalin Broadway a New York a 2009, aka kuma kawo shi Legas a 2011. A 2013 Bolanle Austen-Peters ta fito da wasan Saro a Legas. Wanda ya riƙe takardar shirin ɗaya daga cikin waɗannan wasanni, ko bayan shekara ashirin zai iya faɗin wanda ya hau dandamali a wannan dare.

Mu Hausawa kuwa mun gaji abin tun kaka da kakanni. Tashen da yara ke yi a watan azumi wasa ne mai waƙa da kiɗa da kwaikwayo, haka wasan gauta na gidajen sarauta, haka wasan kara na Damagaram. Da boko ya zo, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. A Nijar, zamanin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawa a bikin matasa na ƙasa, kuma ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna a gidajen Hausawa da dama. Hatta finafinan Kano da ake kallo a shaguna daga dandamali suka taso, domin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta shirya Turmin Danya a 1990.

Abin takaici shi ne, wasannin da aka buga a littafi su ne suka tsira da sunayen masu su. Ɗimbin waɗanda aka yi a filayen makarantu da gidajen matasa da bukukuwan sallah sun tafi tare da waɗanda suka yi su. Lokacin da Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya rasu a 2023, an samu abin tunawa da shi saboda rediyo da talabijin sun ɗauki aikinsa. Ɗan wasan unguwa kuwa, wanda ya sa jama'a dariya shekara da shekaru, da wuya a samu takarda ko guda mai ɗauke da sunansa.

A Kilomita Biyar wannan magana ta fi nauyi. Sanin kowa ne cewa unguwar ita ce cibiyar kasuwancin Bangui, kuma Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da sauran ƙabilun ƙasa sun zauna a cikinta tun zamanin Turawan Faransa, kafin samun 'yancin kai a 1960. Dattawa suna ba da labarin lokacin da unguwar ta kasance matattarar makaɗa da gidajen rawa, inda mutanen gari daga kowane ɓangare ke zuwa da dare. Sai 'yan Seleka suka ƙwace Bangui a watan Maris na 2013, 'yan Anti-balaka suka kawo farmaki a watan Disamba na wannan shekara, kuma a farkon 2014 dubban Musulmi suka hau manyan motoci zuwa Kamaru da Chadi. Wanda ya tsira da ransa bai tsaya ɗaukar hotuna da takardu ba. A watan Disambar 2019 ma, faɗan da ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da masu ɗauke da makamai a unguwar ya ci rayuka, shaguna kuma suka ƙone. Ko Gidan Tarihi na Boganda, wanda hukuma ce ke kula da shi, bai tsira daga ɓarnar rikicin ba, sai da kayansa suka shafe shekaru a kulle cikin akwatuna.

A tsakiyar wannan fitina an sha kiran mutanen unguwar baƙi, alhali da yawansu a nan aka binne iyayensu da kakanninsu. Amsar irin wannan zargi tana buƙatar shaida. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar fili su ne kan gaba, kuma babu abin da zai maye gurbinsu a gaban hukuma. To amma tarihin zaman jama'a a ƙananan takardu yake ɓoye. Takardar wasan makaranta mai ɗauke da sunan ɗan Bahaushe kusa da na ɗan Gbaya da ɗan Banda, da kwanan wata, da sunan shagon da ya biya kuɗin bugawa, tana nuna wa jikoki cewa an zauna tare, an yi dariya tare. Ziyarar da Fafaroma Francis ya kai babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamban 2015 ta shiga tarihi saboda 'yan jaridun duniya sun biyo shi. Sauran ranakun unguwar kuwa, idan mazaunanta ba su rubuta ba, babu mai rubuta masu.

Wasu za su ce ai yanzu kowa da wayarsa, ana ɗaukar bidiyo ana turawa ta WhatsApp. Gaskiya ne, amma duk ɗan kasuwa ya san wayar da aka sace da katin ajiya da ya lalace. Bidiyon da ke yawo daga hannu zuwa hannu kuma ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi, balle sunan yaron da ke riƙe da kalangu. Wasu kuma suna ƙyamar wasan waƙa da rawa saboda gudun baɗala. Damuwarsu abin dubawa ce, sai dai wanda ya halarta kuma ya sa kuɗinsa shi ke da bakin faɗin yadda wasa zai kasance. Idan manya suka ƙaurace, sun bar filin ga wanda ba su sani ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da su riƙa kai iyalansu kallon wasannin makarantu da na ƙungiyoyin matasa, su kuma leƙa na cikin gari, kamar waɗanda ake yi a Alliance Française. Bangui tana da tarihinta a wannan fage, domin tun a 1990 Vincent Mambachaka ya kafa cibiyar Linga Tere. Zaman kallo kusa da maƙwabcin da ba yarenku ɗaya ba yana rage tsoron juna, kuma kasuwa ba ta ci sai da kwanciyar hankali.

Muna kuma kira gare su da su ɗauki nauyin buga takardar shiri a duk wasan da za a yi a unguwa. Falle ɗaya ya isa, a kai wa mai kwamfuta ya tsara, a yi fotokwafi. A rubuta sunan wasa, da ƙungiya, da cikakkun sunayen 'yan wasa da makaɗa, da rana da wata da shekara, da wuri, cikin Hausa da Sango da Faransanci. Mai shago ya sa tallarsa a baya, kamar yadda ake yi a kalandar biki. Ya yi talla ke nan, ya kuma bar sunan shagonsa a tarihi.

Sai batun adanawa. Laimar Bangui da gara ba sa barin takarda, don haka a sa ta cikin leda a akwatin ƙarfe, a ɗaga daga ƙasa, a cire ƙusar da aka maƙale ta da ita kada tsatsa ta ci ta. Tikitin da ba shi da kwanan wata a rubuta masa a baya. A ɗauki hoton kowace takarda, a kuma aika kwafi ga ɗan'uwa a Garuwa-Bulai ko Ngaundere ko Kano, yadda gobara ɗaya ba za ta cinye komai ba. Haka za a yi wa katin gayyata, da fastar fim, da bangon kaset, da tsofaffin hotuna da 'yan gudun hijira suka dawo da su.

Daga ƙarshe, ya kamata shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ware kabad guda a ofishinsu, su naɗa amintaccen matashi ya riƙa karɓar waɗannan takardu yana shigar da su a littafi. A Kaduna, Gidan Arewa da aka kafa a 1970 ya zama wurin da masu bincike ke zuwa saboda wasu sun ƙi zubar da takarda. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Duk mai tsohuwar takarda a ƙasan akwati ya fito da ita tun dattawan da za su iya faɗin sunayen mutanen da ke ciki suna raye.