Wasan Ƙanƙara: Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi

Ya ku 'yan'uwana matasa, na san wani zai ga kan wannan rubutu ya ce yau kuma me ya haɗa mu da wasan ƙanƙara, mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta firji da wadda take faɗowa da ruwan farkon damina. A yi haƙuri a karanta, domin maganar ta mahukuntan ƙasar nan ce.

Wani dare cikin hunturu muna zaune a teburin mai shayi a nan Nassarawa, kusa da filin sukuwa, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sai wani ya ce ai Nijeriya ma ta taɓa zuwa gasar Olamfik ta wasannin ƙanƙara. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo mai gadi ya ce, "Kai yaro, wata hanyar cin kuɗi dai suka samo." Ban ga laifin Baba ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a wannan karon zarginsa bai faɗa daidai ba, kuma gaskiyar ta fi zargin ciwo.

Ga yadda abin ya faru. A watan Fabrairun 2018, a garin Pyeongchang na Koriya ta Kudu, Nijeriya ta shiga wannan gasa karo na farko a tarihinta. Mata huɗu ne suka ɗauki tutar. Uku daga cikinsu, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun shiga tseren amalanken ƙanƙara, wato wani akwati mai ƙafafun ƙarfe da ake turawa da gudu a faɗa ciki, ya gangara ta wani lungun ƙanƙara mai lanƙwasa da saurin da ya wuce kilomita 120 a awa. Ta huɗun, Simidele Adeagbo, nata ya fi ban tsoro, don kwanciya ake yi rub-da-ciki a kan ɗan allo, kai a gaba. Dukkansu a ƙasashen waje aka haife su, uku a Amurka ɗaya a Kanada. Ba zancen irin shigar da ake yi a waɗannan wasanni nake yi ba, wannan malamai sun riga sun yi bayani. Tambayata ita ce, wa ya biya?

Adigun da hannunta ta haɗa amalanken katako a birnin Houston suka riƙa gwaji da shi, domin babu na gaske. Kuɗin sayen kaya da tafiye-tafiye kuwa, dala 75,000, roƙo suka yi a intanet ta shafin GoFundMe, jama'a suka yi ta jefa abin da ya sawwaƙa, daga baya wasu kamfanoni suka shigo. Sai da suka ci tikitin zuwa, jaridun duniya suka ɗauki labarin cewa ga 'yan Afirka na farko a wannan tsere, sannan aka ji manya suna taya juna murna wai Nijeriya ta kafa tarihi. A can ƙarshen jeri suka ƙare, kuma wallahi ban ga abin kunya a nan ba. A 2022 a birnin Beijin mutum ɗaya tak ya wakilce mu, Samuel Ikpefan, shi ma haifaffen Faransa, can ya koyi abinsa.

To idan wani ya ce ai ƙanƙara ba tamu ba ce, don haka babu laifi in gwamnati ba ta sa kwabo ba, sai mu ce mun ji. Mu koma wasannin da aka ware wa kuɗi mu gani. A Tokyo a 2021 an hana 'yan wasan Nijeriya 10 shiga fili, ba don an kama su da shan ƙwaya ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce a yi kafin gasa ba. Suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a ƙasar mutane. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma yi wa Amurka wasa, kuma a Faris a 2024 ta ci musu lambar azurfa a jifan guduma. Mu kuwa a Faris ɗin nan, bayan an amince da naira biliyan 9, ko lambar tagulla ba mu samo ba. An kasa rubuta sunan Favour Ofili a tseren mita 100 alhali ta cancanta. 'Yar tseren kekenmu, Ese Ukpeseraye, aron keke ta yi a wurin Jamusawa. Ministan wasanni na lokacin, John Enoh, ya fito ya ba da haƙuri, a watan Oktoba aka rushe ma'aikatar aka ɗora hukuma a madadinta. Shi ke nan, an sauya allon ƙofa.

Wannan shi ne halin da muka sani a unguwanninmu. Kai za ka haƙa rijiyarka, ku za ku yi karo-karo ku gyara taransifoma, ku biya 'yan sintiri, ku cike ramin titi da ɓaraguzai. Ranar da abin ya yi kyau sai ga mai babbar riga da 'yan jarida ya zo yanka kyalle.

Kuma mu ma fa muna da wasannin sanyi, sai dai namu ba su da ƙanƙara. Tun kaka da kakanni, in an gama girbi iskar hunturu ta kaɗa, lokacin dambe da kokawa ne da langa a dandali. Rundawa su bi gari-gari, ana fafatawa tsakanin Kudu da Arewa, har yau tsofaffi suna ba da labarin Shago da Ɗandunawa. Ba na wanke abin da yake cikinsu na layu da bokaye da caca, wannan ɓarna ce kuma dole a faɗa. Amma ku dubi maƙwabtanmu Nijar. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, suka mai da kokawa gasar ƙasa, ana yi jiha-jiha ana zagayawa, wanda ya kayar da kowa a ba shi takobi. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗauka, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Yaron ƙauye irin Issaka Issaka na Dosso ya zama sananne a ƙasa baki ɗaya. Na san soja bai yi wannan don Allah kawai ba, yana da tasa siyasar. Duk da haka an gina filaye, kuma filayen suna nan bayan mutuwarsa. Ƙasar da ba ta kai mu arziki ba ke nan.

Mu a nan fa? Ni a ɗakin baya na gidan da mahaifina yake aiki na tashi, cikin wannan unguwa ta manya. Akwai wani fili da muke taruwa bayan la'asar, 'ya'yan masu gadi da direbobi da masu ban ruwan fulawa, mu buga ƙwallo, in sanyi ya shigo a ja da'ira a yi kokawa. Wata safiya muka tarar an zuba bulo. Ba a yi wata uku ba katanga ta tashi. Babu wanda ya tambaye mu, babu wanda ya nuna mana wani wurin. 'Ya'yan masu gidan ba su rasa komai ba, don akwai kulob da filin folo da na golf ga mai kuɗin rajista. Cikin waɗanda muke wasa tare, biyu na san inda suka ƙare: bayan motar 'yan siyasa, da gora a hannu da kwalbar maganin tari a aljihu. Ɗaya yana da ƙarfin da da a Maraɗi aka haife shi, wataƙila da yanzu ana kiran sunansa a rediyo. Shin ƙarfin matashi in ba a ba shi fili ba, ina ake so ya kai shi? Ko kuwa da gangan ne, don wanda yake da wurin zuwa da yamma ba ya yin arha ranar kamfen?

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma kun san abin da za a yi. Za a zo da riguna masu hoton ɗan takara a ƙirji, da ƙwallo biyu da kofin gwangwani, a ce an sa gasar matasa. Ni ban ce kada ku buga ba. Amma kafin a busa usur, wakilinku ya tashi a gaban jama'a ya tambayi mai kofin: filin da za mu buga wasan ƙarshe, na waye, kuma takardarsa tana hannun wa? In ya ce na unguwa ne, a ce ya rubuta ya sa hannu, a kai wa mai unguwa kwafi, a liƙa ɗaya a ƙofar masallaci. In ya fara kame-kame, ku ninke masa rigunansa ku miƙa masa cikin ladabi.