Ku bar gardamar kyamara, ku ɗauki hoton garinku

Yau da masu sha'awar ɗaukar hoto nake magana. Ban da masu shago waɗanda hoto ne abincinsu. Da kai nake, kai da ka sayi kyamara ko babbar salula don jin daɗinka.

Kwanan baya na zauna wata fada nan Maraɗi. Samari huɗu ne, kowa da tasa na'ura. Tun shayi na farko har na uku maganarsu guda ce. Wannan ya ce Canon ta fi, wancan ya ce Nikon. Na ukun ya ce salularsa megafiksel 50 gare ta, kowa ya yi shiru. Duk lokacin nan, wata tsohuwa tana zaune gefen titi tana kaɗi da mazari. Ba wanda ya dube ta. Da na roƙi su nuna mini hotunansu, me na gani? Hoton babur. Hoton kansu bisa babur. Har da hoton kyamarar ma, an ɗauke ta da salula!

To, bari mu fara da megafiksel ɗin nan. Hoto na zamani ƙananan ɗigo ne da aka jera. Ɗigo miliyan guda shi ne megafiksel 1. Hoton da ake wankewa a takarda mai santimita 10 bisa 15, wanda muke sawa cikin albom, megafiksel 2 da ɗan kai ya ishe shi ya fito garau. Sauran 48 ɗin fa? In ka aika hoton ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi take yi ta zubar da mafi yawansu. Ke nan abin da kuke gardama bisa shi, wanda kuka aika ma hoton bai ma ganinsa.

Wani zai ce mini: malam, aiki sai da kayan aiki. Gaskiya ne. Da dare, ko filin kokowa inda ƴan wasa ke nesa, gilashi mai kyau yana da amfani, ban musa ba. Amma dubi mutanen da duniya ke girmamawa a wannan sana'a. Seydou Keïta na Bamako ya fara da ƴar akwatin Kodak da kawunsa ya ba shi a 1935. Ya buɗe wurin aikinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka, da hasken rana, har zanen shimfiɗar gadonsa ya rataya a bayan mutane. Yau hotunansa suna manyan gidajen nuni na Turai da Amurka. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wurin rawar samari da bakin kogi yake bi da kyamararsa. A 2007 aka ba shi babbar kyauta ta birnin Venis a Italiya. A Nijeriya, Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, har ya tara kusan hoto 1.000. Kitso kawai! Nan Yamai kuma Philippe Koudjina ya ɗauki samari da ƴan mata na shekarun 1960 da 1970, da shigarsu da wuraren hirarsu. Salular da ke aljihunka tana yin abin da na'urorinsu ba su iya ba. Abin da suka fi ka, sun duba mutanen da ke kewaye da su.

Ga inda abin yake damuna. Mun ɗauka abin da muke gani kullum ba ya ƙarewa. Yana ƙarewa. A 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka tashi aka hau tudu. A 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone. Wanda ya ci wannan kasuwa, da me zai nuna ma jikansa rumfarsa? Kuma ba sai ruwa ko wuta ba. Bokitin roba ya kori ƙwarya. Inji yana korar turmi. Gidan siminti yana korar zanen magina na birnin Damagaram. Majemi ya tsufa, ɗansa ya tafi kabu-kabu. Mai jan wasaki a rijiya, da mai ɗinkin rumbu, da mai shanya cuku, da matan da ke tsinkar albasa a Galmi, wa ke ɗaukarsu? In baƙo ya zo daga Faransa ya ɗauka, sai mu yi fushi mu ce talaucinmu yake nunawa. To, mu da muka san abin, muka san sunan kowa, me ya hana mu? Mun tsaya jiran ranar salla da ranar buki, da zuwan manya. Hoton manya kuwa ba ya rasa mai ɗauka.

Amma kar ka ji haka ka fita kana ɗaukar mutane kamar ɓarawo. Yi sallama. Gaida mutum, ka faɗi abin da kake so. In mace ce a gidan aurenta, ka san hanyar da ake bi. In an ce a'a, maida kyamararka. Kuma kar ka baza hoton mutum ga jama'a sai da yardarsa. In ka wanke, kai masa guda. Za ka ga gobe shi zai kira ka.

Saura magana guda, ita ce ta ajiya. Ni kaina na ƙone a nan. Salulata ta faɗa ruwa, hotunan shekara uku suka tafi, har da na ƙarshe da na yi ma innata tana dama fura. Amma hoton kakana na takarda, wanda ya girme ni, yana nan cikin akwati. Sai dai ba wanda ya rubuta kome a bayansa. Mutane biyu da ke tsaye tare da shi, ba mai sanin ko su wane ne, don duk waɗanda suka sani sun rasu.

Saboda haka, kuɗin da kake tarawa don sabon gilashi, cire kaɗan. Kowane wata zaɓi hoto biyar ka kai a wanke. Juya bayan kowane, ka rubuta da fensir, don biro yana iya ɓata shi. Rubuta sunan mutum, da sunan gari, da aikin da yake yi, da shekara. Sa su cikin ambulan, nesa da raɓa da gara.

Tsohuwar nan mai kaɗi kuwa, na koma bayan sati biyu. Tana nan wurinta. Samarin ma suna nan, amma yanzu gardamar batir suke yi.