Wutar ɗari: daidai ruwa, daidai tsaki

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Ga ɗari ya sauko. A Icirnawa da ƙauyukan ƙasar Kance, cikin Disamba da Janairu, iskar hunturu ba ta raga wa kowa. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da awo 15. Tsofaffi da yara ƙanana ne suka fi shan wuya. Shi ya sa kowane gida ke neman wuta.

Amma wuta itace take ci. Mata da yara ne ke wahalar nemo shi. In ya yi wuya, sai a koma ƙona kara da kashin shanu. Kara kuwa shi ne rigar gona, kashin shanu shi ne takinta. Wanda ya ƙona su da ɗari, zai gani a gonarsa da damina.

Mutanen ƙasar Matamai sun san darajar itace. Bayan farin 1973 da na 1984, itatuwa sun ragu ƙwarai. Manoma ne suka riƙa barin tohon gawo cikin gonaki, suna gyara shi har ya girma. Yau Matamai da Magarya da Mirya sun yi suna wajen yawan gawo. Bai kamata a reni itace shekara goma, a ƙone shi cikin dare goma ba.

Ba mutanen karkara kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Faransa sanyi ya fi na nan nesa ba kusa ba. Mutanen birni da yawa suna zaune cikin dogayen benaye, kowane iyali da sashensa. Suna ɗumama ɗakuna da gas, ko mai, ko lantarki. Mai ya yi tsada a 1973, sai gwamnatinsu ta sa iyaka. A 1979 aka ce kada ɗumin ɗaki ya wuce awo 19. A 2022 yaƙin Ukraniya ya sa gas ya yi tsada, aka sake tuna wa jama'a wannan doka. Masanansu sun ce rage awo ɗaya yana rage kusan kashi 7 cikin 100 na abin da ake ƙonawa.

Yanzu suna da wata ƴar na'ura da ake liƙawa a bango. Ita ke auna ɗumin ɗaki. In ɗumi ya kai, ta tsayar da wuta. In mutane sun fita aiki, ta rage. In sun kusa dawowa, ta ƙara. Wata ma da wayar hannu ake ba ta umurni. Amma in mai gida ya bar taga buɗe, ko ya ƙara wuta don ya zauna ba riga, na'ura ba ta tsinana masa komi. Ashe hali shi ne gaba.

Abin da na'ura ke yi can, mai gida da uwargida suna iya yin sa nan da hannu. Ga yadda ake yi:

1. A toshe tsagar bango da laka tun ɗari bai yi ƙarfi ba. A rataya asabari ko tsohon bargo a ƙofa.

2. Ɗakin ƙasa yana shan zafin rana, ya sake shi da dare. A buɗe shi da hantsi, a rufe da la'asar. Ɗakin kwano ba ya riƙe ɗumi, sai an yi masa rufi daga ciki.

3. A yi girki da murhu mai tattalin itace, irin Albarka na laka ko Mai Sauƙi na ƙarfe. Garwashin tuwon dare ya isa ɗumama ɗaki, ba sai an hura sabuwar wuta ba.

4. Kada a bar wuta tana ci a ɗakin da ba kowa.

5. Makiyayi ya kafa zana wajen da iska ke fitowa. In zai tashi, ya binne wuta da ƙasa. Gobarar daji tana cinye ciyawar shekara cikin wuni ɗaya.

Saura babban gargaɗi. Kada a kwana da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata muguwar iska. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Tana sa ciwon kai, da jiri, da amai, da mutuwar jiki. Mai barci yana iya wucewa lahira bai farka ba. Saboda haka muddin kasko yana ciki, a bar kafar iska, a kuma nisanta yara da shi. Lokacin kwanciya a fitar da shi waje, sannan a rufe ƙofa, a ja bargo. In an ga mai waɗannan alamu, a fitar da shi sarari nan da nan, a kai shi likita.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Ƙaramar wuta cikin gyararren ɗaki ta fi babbar wuta cikin ɗaki mai ɓaraka. Allah ya kai kowa bazara lafiya.