Kurma Ma Yana Da Rabo A Kiɗa

A ƙasar Hausa mun saba ɗauka cewa kiɗa na mai kunne ne, shi ya sa in ana biki ko hawan salla ba a cika tunawa da kurame ba, sai a bar su a gefe suna kallon bakin mutane. A nawa ganin wannan rashin adalci ne da ya kamata mu gyara, domin fata ma tana da nata irin jin.

Shi dai sauti girgiza ce da iska ke ɗaukowa. Kunne mai lafiya yana kama wadda ta kai bugu 20,000 a daƙiƙa guda, ita kuwa fata tana kama mai kauri, wadda ba ta wuce bugu 1,000 ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambarin sarki ana buga shi ya san yadda amonsa ke dukan ƙirji. To, wannan dukan kurma ma yana jin sa.

Shahararriyar makaɗiyar nan ta Birtaniya, Evelyn Glennie, ta kurumce tun tana 'yar shekara 12, amma haka ta ƙware a kiɗan ganguna, tana cire takalmi don ta riƙa jin amo ta tafin ƙafa. Ita ce ta jagoranci makaɗa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012.

Masu fasaha sun ɗora a kan wannan hikima. A 2016 kamfanin CuteCircuit na Landan ya fito da wata riga mai suna SoundShirt, aka gwada ta tare da wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Hamburg a Jamus. An ɗinka wa rigar ƙananan na'urori masu girgiza, kwamfuta kuma tana rarraba masu kiɗan nan take, ta yadda mai sanye da ita zai ji gogen Turawa a hannuwansa, ganguna kuma a gadon bayansa. Tun daga 2022 mawaƙan Coldplay suka fara tanadar wa kurame riguna masu girgiza a wuraren wasansu, tare da tafintocin maganar hannu.

Na san wani zai ce yaron da bai samu gurbi a makaranta ba, bai kuma mallaki na'urar taimakon ji ba, ina shi ina rigar kiɗa? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ga rigunan kuma da ɗan karen tsada. Sai dai asalin dabarar ba ta da tsada. Dandamalin katako da aka sa lasifika a ƙarƙashinsa ya isa ɗalibai su ji kiɗa da ƙafafunsu, balan-balan da aka hura ma in aka rungume ta tana isar da amo ga hannu. Na'urar da ke sa wayar salula girgiza kuwa tana nan jibge wajen masu gyaran waya.

Mu ne ma muka fi kowa bukatar wannan tunani, domin sanƙarau, irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996, yakan bar yara da kurumta har abada. Ga kuma dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2019, wadda amfaninta shi ne a gan ta a aikace.

Saboda haka ina kira ga kwalejojinmu na fasaha da su ba ɗalibansu aikin ƙera irin waɗannan kayayyaki, su fara gwada su a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki da ke Kano. Gwamnatocin jihohi su ware kuɗin aikin, masu shirya taruka kuma su keɓe wa kurame wuri kusa da makaɗa. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, don haka mu fara da katako da lasifika kafin riguna su iso.