Inji Ya Kwana a Waje, Kome Tsananin Sanyi

Jama'a, ga hunturu ya shigo. Ni ma'aikacin ɗakin magani ne, na fi shekara 20 ina ba da magani a ƙauye, kuma ina da magana guda wadda nake so kowane maigida ya riƙe. Injin ba da wuta, watau janareta, wurinsa waje ne, kome ɗarin da ake yi.

Bara, cikin watan Janairu, aka kawo mini wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu biyu da asuba a kan amalanke. Sun shigar da inji cikin ɗaki don tsoron ɓarayi, suka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, barci ya kwashe su yana aiki. Uku suka farfaɗo, ƙaramar yarinyar ba ta tashi ba. Waɗansu suka ce iskoki ne, waɗansu suka ce sammu. Ba ko ɗaya, hayaƙin inji ne.

Ga yadda abin yake. Cikin hayaƙin kowane inji mai shan fetur akwai wata muguwar iska da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. In mutum ya shaƙe ta, jininsa yakan kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau sau 200 da ɗoriya. Sai ciwon kai ya fara, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, har a zaci zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba ya jin kome, daga barci sai mutuwa. Garwashin da ake kwana da shi a kasko ƙofa rufe, shi ma wannan iskar yake fitarwa.

Na san wani zai ce, “Malam, in na bar shi waje, ɓarawo ya ɗauke.” Gaskiya ne, inji kuɗi ne. Amma ana sayen wani inji a kasuwa, ɗa fa? Sayi sarƙa da kwaɗo ka ɗaure shi jikin turke. In za ka kwanta, kashe shi, ya huce, sa'an nan ka shigar da shi.

Wani kuma ya ce ai ya buɗe taga. Buɗe taga ba ya isa. Zaure da shago ma ɗaki ne.

To, ga abin da ya kamata. A ajiye inji a fili, nesa da ƙofa da taga da ƙafa 20, watau kamar taki 8 na babban mutum, a jawo wutar da doguwar waya mai kauri. A juya bakin salansa ya ba ɗakuna baya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a sa shi inda za ta kore hayaƙin daga gida, kada kuma ta kai shi tagar maƙwabci. A nisanta shi da danga da rumbu da tarin kara, gama yanzu kome ya bushe. Kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

In kuka ga mutanen ɗaki guda sun tashi da ciwon kai gaba ɗaya, ku tuhumi hayaƙi. Ku buɗe ƙofa, ku kashe inji, ku fitar da su sarari, ku kai su asibiti nan da nan, ko da sun ce sun ji sauƙi. Kada a ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, sai ya shaƙe.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.