Ashe Turancin Ma Ɗan Aro Ne

A zangon karatun da ya wuce, wani abokina mai karanta Turanci ya tsare ni a ɗakin kwana yana dariya, wai mu 'yan sashen Hausa me muke karantawa, alhali rabin harshen namu aro ne. Ya shiga lissafo mini: wundo, soja, asibiti, kafinta. Ban tanka masa ba, domin a lokacin ba ni da amsa. Amma abin ya tsaya mini a rai, har ya kai ni laburare wajen babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928. Wannan ƙamus yakan bi kalma tun daga rubutun farko da aka same ta a ciki. Abin da na tarar shi ya sa nake ganin bai kamata mu bar wa 'yan sashen Turanci kaɗai aikin tona asalin tsofaffin kalmominsu ba.

Mu ɗauki kalmomin nan huɗu da ya jefe ni da su. "Window" daga bakin 'yan Bikin ta fito, mutanen arewacin Turai da suka mamaye gabashin Ingila a ƙarni na 9, kuma ma'anarta ita ce idon iska. "Soldier" ta biyo ta Faransanci, tushenta sunan wani kuɗin zinari ne na Rumawa, wato soja shi ne wanda ake biya ya yi yaƙi. "Hospital" daga kalmar Latin ce mai nufin baƙo, domin da can masaukin matafiya da mabuƙata ne. "Carpenter" kuwa mai haɗa keken doki ne a Latin. Kun ga ke nan, jama'a, a cikin huɗun babu ko ɗaya da Bature ya gada daga kakanninsa na farko. Kayan aro muka ara.

Waɗanda suka fi burge ni su ne na gadon nasu. "Lord", da ake kiran manyan Ingila da ita cikin ƙasaita, a Tsohon Turanci "hlafweard" ce, mai gadin burodi. "Lady" kuma mai kwaɓa burodin. Duk sarautar daga madafa ta taso! Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda ya san girman maigida yana ga iya ciyar da gidansa. Ita ma "husband", wadda 'yan Bikin suka kawo, kusan maigidan take nufi. Bayan Normawa masu Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sai aka sami wani rabo mai ban sha'awa: dabba tana garke sunanta na Turanci ne, "cow" ko "sheep", in ta zama nama a akushi sai ta koma "beef" ko "mutton" na Faransanci.

Ba don nishaɗi kawai nake kawo wannan ba. Da yawa daga cikinmu fassara za mu ci abinci da ita, kuma tsohuwar ma'ana rami ce ga mai fassara. A zamanin Chaucer, wanda ya rasu a 1400, "girl" tana iya nufin yaro ko yarinya, "nice" kuma wawa take nufi, domin daga kalmar Latin mai ma'anar jahili ta fito. "Silly" da muka sani da sakarai, asalinta mai albarka ce. "Deer" kowace dabba ce. "Meat" abinci ne kowane iri, kuma da wannan ma'ana take zuwa a wurare da dama cikin fassarar Baibul ta 1611. Ɗalibin da ya ga "meat" a irin wannan littafi ya rubuta nama, ya ɓata aiki bai sani ba.

Sai dai ina da ja da masu wuce gona da iri. Akwai waɗanda da zarar sun ji asalin kalma sai su ce ita ce ma'anar gaskiya, ta yau kuskure ce. To wa zai fasa jin daɗi in an ce masa "nice" don an taɓa zagi da ita shekaru ɗari bakwai da suka wuce? Akwai kuma masu ƙago asali, kamar tatsuniyar nan cewa "news" haɗin haruffan farko ne na arewa, gabas, yamma da kudu. Ba haka ba ne, jam'in "new" ce kurum.

A 1879 editan ƙamusun, James Murray, ya roƙi jama'a su riƙa aiko masa da jimlolin da suka tsinta a littattafai, a rubuce a 'yan guntayen takardu. Ina ganin ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta iya fara irin wannan a kan kalmomin da Hausa ta ara daga tsohon Turanci. Tun 1973 aka koma naira, amma har yau muna cewa ko sisi ba ni da shi, maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da kalmar. Na tambayi ƙannena uku nawa ne sisi, babu wanda ya san kwabo shida ne, taro kuwa ce mini suka yi ai shi ne haɗuwar jama'a.